Rana Tamu Ce, Saura Dare da Mai Gyara

Ina gaishe da mutanen birnin Tawa, daga Bilbis har Fakawa, daga Wadata har Sabon Gari. Ina gaishe da na Kaita da Tamaske, da na Kalfu da Barmu da Takanamat, da na Tabalak da Abalak har Cintabaradan. Ku ma ƴan'uwa da ke wajen bida, a Abijan ko Libiya ko Legas, masu jin mu ta salula, sannunku da ƙoƙari. Ku matso kusa, don guminku yana cikin maganar yau.

Kan wuta za mu yi magana. Wutar lantarki, wadda mu nan muka fi sani da kuran. Kuma bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, kada in ja ku da nisa. Rana tamu ce. Allah ya ba mu ita ba da awo ba. Abu biyu ne suka rage mana: dare, da mai gyara. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komowa kansa.

Mu fara da kasuwa. Wanda ya shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san abin da nake nufi. Ga masu albasa, ga masu dabbobi, ga masu cuku. A gefe kuma ga wani ya jingina farantan hasken rana a bango, manya da ƙanana, suna ƙyalli. Fano muke ce musu. Shekara ashirin da suka wuce, sai a rufin asibiti ko gidan wani babban ma'aikaci ake ganin irinsu. Yau mai shayi yana da nasa. Mai cajin salula a tasha yana da nasa. Ka bi hanyar ƙauye, za ka ga fano a kan ɗakin laka, an danne shi da dutse kada iska ta ɗauke. Ka tambayi matar gidan, sau da yawa amsar ɗaya ce: yaro ne ya aiko da kuɗin daga bida.

Ba a yi bikin aza tubali ba. Ba a yanka kyalle ba. Amma wuta ta shiga gidajen da waya ba ta taɓa zuwa ba.

To, kafin mu yi nisa, mu waiwaya mu ga inda wutar gari take fitowa. Shekaru da yawa, mafi yawan wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Ta Yamai tana biyowa ta Birnin Kebbi. Tamu ta wannan yanki tana shigowa daga Katsina zuwa Gazawa, ta wuce Maraɗi, ta iso Malbaza, sannan ta hauro arewa. Dogon zango ne. Inda duk wayar ta samu matsala a hanya, mu da ke can ƙarshe mu ne za mu kwana cikin duhu.

Kun tuna watan Agusta na 2023. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi, Najeriya ta yanke wutar. Sai bayan da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024 aka maido ta. Ba siyasar abin na zo tonawa ba. Mutanen Illelar Amarawa da na Ƙwanni dangin juna ne, kuma za su ci gaba da zama dangi. Abin da nake so mu tuna shi ne yadda watannin nan suka kasance. Tela ya koma taka keke da ƙafa. Mai walda ya zauna yana kallon ƙarfe. Mai ƙanƙara ta rufe firigo. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A waɗannan watanni mun ga katarar da idonmu.

Amma akwai waɗanda fitilarsu ba ta mutu ba a lokacin. Su wa? Masu fano a kan rufi. Takunkumi bai hana rana fitowa ba.

Yanzu bari mu juya ga manyan ayyuka, don su ma suna da hakkinsu a wannan magana. A jaharmu aka gina babbar tashar hasken rana ta farko a Nijar. Tana Malbaza, an buɗe ta a watan Nuwamban 2018, da rancen ƙasar Indiya, ƙarfinta megawat 7. Daga baya aka yi ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, a 2023. A ƙasarmu ta Adar kuma, wajen Takanamat, akwai gawayin ƙasa kwance a Salkadamna. Tun 2014 aka aza tubalin aikin, da niyyar tashar megawat 600. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yau ya isa kiwon awaki shi kaɗai, mutanen wurin kuma suna nan suna sauraro. A 2022 an sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska a yankin Tarka. Duk wanda ya sha iskar hunturu a kan tudun Adar ba zai yi mamakin wannan shawara ba.

Ina fatan Allah ya tabbatar da su. Gaskiyata ke nan. Masana'antar siminti ba za ta yi aiki da fanon kan rufi ba. Babban asibiti ma haka. Gari kamar Tawa yana buƙatar babbar tasha da waya mai ƙarfi. Gawayin Salkadamna kuma yana da wata fa'ida da rana ba ta da ita, wato yana ci dare da rana. Sai dai yana da hayaƙi, yana shan ruwa mai yawa, a ƙasar da ruwa ya fi komai tsada. Samun mai ba da bashin gina irin wannan tasha ma ya yi wuya a duniyar yau. Ko ƙasar Sin ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin gawayi a ƙasashen waje. Dole mu san wannan, kada mu ɗora duk begenmu a kan rami ɗaya.

Ko da an gama su duka gobe, akwai tambayar da ta rage. Wa zai ja waya zuwa kowane ƙauye da kowane zango tsakanin Abalak da Tasara? Ƙasarmu faɗi gare ta, gidajenmu a warwatse suke. Kowane kilomita na waya kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa har yau, a Nijar baki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a karkara kuma abin bai kai haka ba.

To, a nan sabuwar fasaha ta canza lissafi. Daga 2010 zuwa 2020, kuɗin fano a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi tara cikin goma. Abin da ake saye jaka goma ya koma jaka ɗaya. Dalili shi ne manyan masana'antu, yawancinsu a Sin, suna ƙera shi da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma kowace shekara gilashin yana ƙara iya kama haske. Ku dubi Pakistan. Ƙasa ce mai zafi da ƙura kamar tamu, mai fama da ɗaukewar wuta. A 2024 mutanenta sun shigo da fano masu yawan da ya ba duniya mamaki, manoma da masu shaguna da masu masana'antu, kowa da aljihunsa. Irin abin da ke faruwa a kasuwarmu ta Lahadi ne, sai dai nasu ya fi girma.

Saboda haka samun wuta da rana ya daina zama matsala. Rana tamu ce. Saura dare, saura mai gyara.

Bari in ba ku labarin dare. Ina da wata inna, ƙanwar mahaifiyata, a wani ƙauye yamma da Tawa. Ɗanta yana Abijan yana turin baro. Ya tara kuɗi ya aiko, aka sayo fano da batir da ƙwai uku na fitila. Ranar da aka kunna, maƙwabta suka cika gidan. Jikokinta suka riƙa karatun allo a ƙarƙashin fitilar har bayan lisha. Ba a yi shekara ba na koma gaishe ta. Na tarar da ita da tocila a hannu. Na ce, "Inna, ina wutar?" Ta ce, "Ɗana, da rana wuta gare mu. Dare na yi sai ta gudu. To ni mi zan yi da fitila da rana?"

Fanon lafiyarsa lau. Batirin ne ya mutu. An haɗa shi kai tsaye, babu ɗan akwatin nan mai daidaita caji, wanda masu sana'ar ke kira regilatar. An kuma ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano, inda zafin bazara ke dafa shi kullum. Wanda ya sayar da kayan bai faɗa musu komai ba. Da aka koma wurinsa, ya ce shi ya riga ya sayar. Abin ya tsaya mini a rai, don na san yawan buhunan da yaron nan ya tura kafin ya haɗa kuɗin.

Ku saurara da kyau, masu sauraro, don a nan kuɗin mutane ke zubewa. Fano mai kyau yana iya shekara ashirin ko fiye yana aiki. Batir irin na dalma, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, ba ya jure zafi. Ba ya kuma son a tatse shi har ƙarshe. In ana yi masa haka kowane dare, kwanansa kaɗan ne. Batirin mota kuwa ba don wannan aiki aka yi shi ba. An yi shi ne don ya ta da inji cikin ƙiftawar ido, ba don ya riƙe fitila da fanka har asuba ba.

Akwai sabon batir na litiyom, dangin wanda ke cikin salularku. Ya fi tsada ranar saye. Amma yana daɗewa shekaru, yana jure caji da saukewa sau dubbai, kuma kuɗinsa yana ta sauka kamar yadda na fano ya sauka, saboda motocin lantarki da ake ƙerawa a duniya. Har an fara ƙera wani da sinadarin da ke cikin gishiri. A ganina, makomar wutar Adar tana cikin wannan akwati fiye da ko'ina. Ranar da batir mai ƙarko ya sauko daidai aljihun talaka, ranar dare zai zama namu.

Ga wani gargaɗi a kan hanya. Mataccen batirin dalma guba ne. Kada a bar yara su fasa shi. Kada a narka dalmar a tsakar gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wata unguwa da ake kira Caroy a gefen Dakar, yara 18 sun rasu saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a cikin gidaje. Allah ya kiyaye mu. A mayar da shi wurin mai saye, a ajiye shi nesa da rijiya da wurin girki.

Sai dai ba kowane aiki ne ke jiran dare ba, kuma wannan ita ce dabarar da na fi so. Ku je fadamar Tadis, ko bakin tabkin Tabalak, ko kwarin Kaita lokacin noman rani. Mai albasa ya san abin da man injin ban ruwa ke ci masa. Kafin albasa ta nuna, rabin ransa yana wurin mai sai da isansi. Famfo mai aiki da rana ba ya shan mai. Lokacin da rana ta fi zafi, lokacin shuka ta fi jin ƙishi, lokacin kuma famfon ya fi ƙarfi. In ka ɗora tanki a sama, ka cika shi da rana, ka yi ban ruwa da yamma, to tankin nan shi ne batirinka. Ba ya mutuwa, ba ya da guba. Haka injin niƙa. In an tsara shi ya yi aiki daga hantsi zuwa la'asar, mata sun huta da daka, ba a sayi gazuwal ba. Haka ƙanƙara: a daskarar da ita da rana, ta riƙe sanyin nono da kifi da allurar rigakafi har safe. A arewa, inda rijiya ke da zurfin da sai raƙumi ko jaki ya ja guga, famfon rana a kan foraj yana sauƙaƙa wa makiyayi wahalar da kakanninsa suka sha.

Amma in faɗi wata gaskiya da masu tallar famfo ba su cika faɗa ba. Da, tsadar mai ita ke sa manomi ya kashe inji. Yanzu da jan ruwa ya zama kyauta, me zai sa ya kashe? Ruwan ƙasa kuwa yana da iyaka. Iyayenmu mata na Kaita sun san wannan fiye da kowa. Tun daga 1984, da aikin raya karkara na Kaita, su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan tuddai, suka dasa itatuwa, don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Ruwan da famfon rana ke jawowa yau a wasu kwaruruka, da guminsu a ciki. Wanda zai sa famfo, ya tuna da jeren dutse. In muna ja ba ma mayarwa, rijiyar maƙwabci ce za ta fara ƙafewa, sannan tamu.

To, mun yi maganar dare. Yanzu ga na biyun, kuma shi ya fi damuna: mai gyara.

Ku zaga garuruwanmu ku ƙirga fitilun kan titi masu fano da suka mutu. Ku leƙa ɗakunan shan magani na ƙauyuka, ku ga firigon da aka kawo da murna, yau ya zama wurin ajiye takardu. Sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne. Waya ta kwance. Fis ya ƙone. Ƙura ta rufe gilashi. Amma wanda ya kafa kayan ya koma Yamai, ko ya koma ƙasarsu. Ba a bar wa garin mutum ɗaya da ya san kan abin ba. Ba a kuma ajiye ko dala ta sayen sabon batir ba. Wutar da ba ka iya gyarawa, ita ma ta aro ce, ko da a kan rufinka take.

Wannan tunani ba sabo ba ne a Nijar. Muna da wanda ya riga mu gani. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. An haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Masanin kimiyyar haske da zafi ne. Daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. A lokacin da duniya ke ganin man fetur ba zai taɓa ƙarewa ba, shi yana Yamai yana ƙera tukunyar dafa abinci da rana da na'urar ɗumama ruwa, da hannun ƴan ƙasa. Abin da ya dame shi shi ne mu iya ƙerawa da kanmu, mu iya gyarawa da kanmu. Yau fano ya yi arahar da bai gani ba a rayuwarsa. Amma rabin burinsa, wato hannun da ya iya, har yanzu muna bin sa bashi.

Ga jami'ar Djibo Hamani a nan Tawa. Ga cibiyoyin koyon sana'a a garuruwanmu. Ina roƙon masu iko da su su ɗauki wannan sana'a da muhimmanci. A koya wa yaro yadda zai auna abin da gida ke buƙata kafin a sayi kaya. A koya masa kaurin wayar da ta dace. A koya masa gane fanon da aka rubuta masa ƙarfin ƙarya a baya, don suna nan a kasuwa. A koya wa ƴan mata ma. Mace ce za ta shiga cikin gida ba tare da an yi mata shamaki ba, kuma mata ne suka fi zama da kayan nan yini guda.

Adarawa mutanen nema ne, duniya ta shaida. Duk shekara bayan girbi motoci na kwasar samarinmu zuwa kudu da arewa. Wasu sun dawo da arziki, wasu hamada ta riƙe su. Ban ce gyaran fano zai tsayar da bida ba. Amma kowane gari mai fano ɗari yana buƙatar mai duba su. Kowane lambu mai famfo yana buƙatar wanda za a kira. Wannan abinci ne a ƙofar gida. Yaron da ya iya, ba zai rasa na cefane ba daga Tabalak har Bagaruwa.

Garuruwan da suka ɗan girma kuma, akwai hanyar da ta fi kowa da nasa. Ƙaramar tasha ta gari: fano da yawa wuri ɗaya, babban batir ɗaya, waya ta zaga unguwanni, kowa da kwantarsa, ya biya gwargwadon abin da ya sha. Hukumar ANPER, mai kula da kai wuta karkara, irin wannan aiki na cikin abin da aka kafa ta domin shi. Amma tashar gari ba ta rayuwa sai da amana. Sai an biya. Sai an san wanda ke riƙe da asusu, an san ranar da za a canza batir, an fara tara kuɗinsa tun ranar farko. Mu da muka iya riƙe asusun masallaci da adashin mata, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Na san wata uwa tana saurarena yanzu tana cewa, malam, duk wannan fitila ce, tuwo fa? Gaskiyarki, inna. Har yau itace ne ke dafa abincin yawancin gidajenmu, kuma ɗan fanon kan rufi bai isa ya tafasa tukunya ba. Maganar murhu da gas da itatuwan da ke ƙarewa babba ce. Za mu ware mata rana tata.

Masu sauraro, lokaci ya ja. Ga abin da zan bar muku. Gobe da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, a sa yaro ya hau ya share fanon nan da tsumma mai laushi. Ƙurar hunturu tana cinye wutar da kuka biya. A duba ko yana fuskantar kudu, a ɗan karkace, da sarari a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa. A fitar da batir daga ɗaki mai zafi, a sa shi inuwa. Ku kuma ƴan bida, in za ku aiko da kuɗin wuta, ku haɗa da na regilatar da ladan wanda ya iya haɗawa, kuma ku ce a karɓo takardar sayayya. In kuma da ƙane ko ƙanwa a gida da hannunsu ke son taɓa waya, ku biya musu kuɗin koyo.

Inna, in kina ji, batirinki na nan tafe ranar kasuwa, tare da wanda zai haɗa shi yadda ya kamata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya dawo mana da matafiyanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.